Buhun Geron Inna a Filin Golf na Zariya

Liman yana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar jirgin ƙasa, ni da maƙwabcina, mutumin Shinkafi mai fataucin fata, wanda zai sauka a Funtuwa. Ƙullin tufafina na hannu, a kaina kuma ƙaramin buhun gero ne, tiya huɗu, wanda Inna ta aiko daga Banga ta ce in kai wa ƙanena. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce duk wanda ya yi tafiya ya rubuto abin da ya gani a karanta wa aji. To, 'yan aji, ga nawa.

Bari in fara da dalilin tafiyar. Ƙanena ya fi shekara ashirin yana aiki a Zariya, a wani fili da manya ke wasan da ake kira golf. Aikinsa ɗaukar jakar sandunan wasan, yana biye da mai ita. A cikin haka ya koyi bugun har ya iya. Da daminar bana kurkunu ya kwantar da ni, sai ya nemi hutu ya zo Banga ya yi wata biyu yana nome gonarmu a madadina. Bayan ya koma ne ya aiko da wasiƙa, kuma ita ce wasiƙa ta farko da na karanta da kaina ban kai wa kowa ba. Ya ce za a rage ma'aikatan filin, amma ana neman mutum ɗaya a cikinsu da zai riƙa koya wa sababbin shiga. Su biyu za a gwada ranar Asabar. In bai samu ba, sai ya kwaso mata da 'ya'ya biyar su dawo gida. Ya ƙare da cewa tun da ya bar gona bugunsa ya lalace, ya rasa yadda zai yi.

Na karanta sau uku. Ban san mene ne golf ba, amma na san gonar Banga ba za ta ci da gida biyu ba, na kuma san a kan ciwona ya riƙe galma. Shi ya sa na ɗaura niyya. Ba na ɓoye muku, akwai kuma son in ga wane irin wasa ne wannan da yake ciyar da magidanci.

Shekara goma sha takwas ina dako a tashar Kaura, yanzu ni ne heluman, wato shugaban masu loda gyaɗa, amma ban taɓa wuce Gusau a cikin jirgin ba. Da na zauna a bencin katako na leƙa taga, sai na ga mutanena suna kallona suna dariya, wai yau buhu ya zama fasinja. Jirgi ya yi kuka, ya ja a hankali kamar ba ya son tafiya, sa'an nan ya ɗauki gudu.

Kaka ce, ko'ina an yanke gero an jingina, dawa kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. Taragonmu cike yake: mata masu ƙwaryar daddawa, wani tsoho daga Zurmi da zabi biyu a cikin akurki zai kai wa ɗansa soja, da masu kai albasa kudu. Tsohon nan ya tambaye ni ina na nufa. Da na ba shi labari, sai ya ce, "To, in sun jefa ƙwallon cikin ramen, mi za su samu ciki?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce in na dawo in aika masa da amsa.

A Gusau muka sha fura da nono. Ƙwarya ɗaya kwabo biyar, ga ta da tsami mai daɗi, amma ba ta kai ta Kaura kauri ba. Masu talla har yanzu da sule suke faɗin kuɗi, sai mai saye ya juya a ransa zuwa sabon kuɗi. Bayan Tsafe duwatsu suka fara yawa, ƙasa ta ƙara ja. A Funtuwa na ga auduga tsibi-tsibi fari fat, na tsaya ina kallon yadda 'yan dakonsu ke ɗaga dila, don ko'ina na je idona wurin masu ɗaukar kaya yake fara sauka. Nan maƙwabcina ya sauka, ya bar mini gutsuren rake da gargaɗin in riƙe aljihuna a Zariya. La'asar sakaliya muka isa. Ƙanena na tsaye yana jirana da kekensa. Ya rame. Ya ɗora buhun a bayan keke, muka taka a ƙasa har gida.

Washegari da sassafe ya kai ni filin. Ni na zaci zan ga wuri kamar na ƙwallon ƙafa. Ashe fili ne da in an noma shi zai ci da unguwa guda, ga itatuwan darbejiya da maɗaci, ga ciyawa an aske ta gajere, babu ko akuya ɗaya a ciki. Ramuka goma sha takwas ne, kowanne bai fi bakin moɗa ba, da tuta a tsaye a cikinsa. Kewayen kowane rami an shimfiɗa yashi da aka cuɗa da baƙin mai, akwai mutumin da aikinsa kawai ya ja tsumman buhu a kai ya share sawun ƙafa. Ƙwallon fari ne, bai kai ƙwan zabo ba, ga tauri kamar dutse. Sandunan kuwa iri-iri, wasu kansu ƙarfe, wasu katako, kowacce da nisan da take kaiwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wanda ya yi bugu kaɗan shi ne gwani. Na ce wannan shi ne wuri na farko da na ga ana yaba wa mutum don ya yi aiki kaɗan.

Muka koma gefe inda ma'aikata ke gwaji kafin manya su iso. Ƙanena ya zube ƙwallaye, ya ɗauki sanda, ya gyara tsayuwa, ya buga. Sanda ta tono ƙasa, ƙwallo ya gangara kamar ɓera. Ya sake, wannan ya tashi amma ya karkace dama ya faɗa cikin itatuwa. Na uku ma haka.

Ya juyo ya ce, "Yaya, ka ga abin da galmarku ta yi mini?"

Na ce, "Galmarmu dai. Kai ma da tuwonta anka yaye ka."

Bai yi dariya ba. Ya bayyana mini cewa ba wurin dukan ne matsalar take ba, tun wurin jan farko ne, wato sa'ad da sanda ke barin ƙwallo tana komawa baya. Ya ce ya kamata ta tafi ƙasa-ƙasa, a hankali, tana shafar ciyawa kamar kamu ɗaya kafin ta fara hawa, kafaɗu ne ke kai ta, hannu kuwa riƙo kawai yake yi. Ya san wannan sarai, shekara ashirin yana jin ana faɗa. Amma da ya tsaya kan ƙwallo sai wuyan hannunsa ya fizge sandar sama. Ya ce in jan farko ya ɓaci, duk abin da ya biyo baya gyaran ɓarna ne.

Na samu gindin maɗaci na zauna ina kallo. Na kalli wanda za su yi takara da shi, wani dogon mutum da bai kai ƙanena shekaru ba, mai fara'a, yana buga ƙwallo har sai ya ɓace wa ido. Na kalli manyan da suka zo da la'asar, Turawa kaɗan, sauran duk namu ne, likitoci da manyan ma'aikata, suna tafiya cikin rana da ƙafa alhali motocinsu na ajiye a inuwa. Na lura waɗanda suka iya, farkon motsinsu kamar tashin jirginmu ne daga Kaura, ba ka sanin lokacin da ya fara. Waɗanda ba su iya ba kuwa duk abu ɗaya suke yi: su ɗaga sanda tsaye bisa kai, su saro ƙasa. Wannan motsi na san shi tun ina yaro. Haka ake ɗaga galma a yi huɗa. Ƙanena ya yi wata biyu yana yin sa daga safe zuwa azahar, jikinsa ya koma abin da ya fara sani.

Ranar Alhamis ma haka muka yi. Ya buga har tafin hannunsa ya yi ja, abin sai ƙara lalacewa yake, don yanzu tsoro ya shiga. Da muka koma gida matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka, ya ci loma uku ya wanke hannu. Na ji ta tana tambayarsa a hankali ko ta fara ɗaure kaya. Uku daga cikin 'ya'yansa suna makaranta a nan. Banga kuwa kun san nisan da ke tsakaninta da makaranta.

Da safen Juma'a matar ta ce a miƙo mata buhun geron Inna ta surfa ta yi mana kunu. Buhun na jingine a zaure. Na kama kunnuwansa biyu, na kai shi baya, na wurgo shi bakin ƙofar ɗakin girki, ya sauka a zaune. Ban yi tunani ba, abin da nake yi kullum ne. Sai na tsaya da hannuwana a miƙe ina kallon su.

Ku da kuke dako a cikin ajin nan kun san abin da nake nufi. Sabon ɗan dako in aka ce ya jefa buhu cikin tarago, da hannu yake ɗagawa, kafin sati bayansa ya riƙe. Abin da muke fara koya masa shi ne kada ya ɗaga. Ya saki hannu ya miƙe, ya kai buhun baya ƙasa-ƙasa da kafaɗa da ƙugu, ya bar nauyin ya kai inda zai tsaya da kansa, sa'an nan ya dawo da shi. Buhu ba ya yarda a fizge shi.

Na ce wa matar ta dakata da kunun. Na saɓa buhun, na ce wa ƙanena mu je fili.

Ya ce, "Da gero?"

Na ce, "Da gero."

Da muka isa na ce ya ajiye sanda, ya tsaya yadda yake tsayawa kan ƙwallo, ya kama kunnuwan buhun, ya jefo mini shi ta hagunsa. Ya dube ni, ya dubi sauran ma'aikata da suka fara matsowa.

"Yaya, wanga ba dako ba ne. Shekaranjiya ka fara ganin wasan ga."

"Awo. Kai kuma shekara ashirin kana ganin shi, ga ƙwallonka can cikin itace. Jefo."

Aka yi dariya, har da dogon nan. Ƙanena ya ɓata fuska, amma ni ne babba, ba yadda zai yi. Ya kama buhun ya nemi ya fizge shi sama, buhu ya ƙi, ya kusa faɗuwa a kansa. Na ce ya saki hannu, ya bar kafaɗa ta kai shi. Ya sake. A karo na huɗu buhun ya tafi baya yana kusan shafar ciyawa, kafaɗarsa ta hagu ta shigo ƙarƙashin haɓarsa, hannuwa biyu da ƙirji suka juya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ya dawo da shi, buhu ya taho ya same ni a ƙirji har na ja da baya.

Sai ya ce, "Miƙo shi."

Ya jefa sau goma. Sa'an nan ya ɗauki sanda, ya tsaya kan ƙwallo. Na ce, "Ka ɗauka tiya huɗu ce a hannunka." Sanda ta bar ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, ta hau, ta dawo. Ƙarar da na ji daban take da ta kwana biyun nan, ƙas, kamar an fasa goriba. Ƙwallo ya tashi ya miƙe, ya yi ta tafiya. Na biyu ya karkace, fizgar ta dawo. Ya ajiye sanda da kansa ya koma kan buhu. Haka muka yi ta yi, buhu biyar, ƙwallo biyar, har lokacin masallaci ya yi, muka dawo bayan an sauko muka ci gaba. Kafin magariba, a cikin bugu goma bakwai na tafiya daidai. Ran nan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ranar Asabar da hantsi alƙalai uku suka zauna a kujeru ƙarƙashin darbejiya: wani tsohon Bature, da likita, da shugaban filin. Ni ina can baya da buhuna, na zauna a kansa. Aka ce kowa ya buga goma. Dogon ya buga, tara suka miƙe, kuma duk sun fi na kowa nisa. Ƙanena ya samu bakwai, ɗaya ma ya tono ƙasa. Na fara tunanin wane ɗaki za mu gyara musu a Banga.

Ashe da saura. Shugaban ya ce aikin na koyarwa ne, saboda haka kowa zai koya wa sabon shiga a gabansu. Aka kawo wani babban ma'aikaci mai tumbi, sabon takalmi, sabuwar jaka, satinsa biyu da fara wasan. Ya ɗauki sanda, ya ɗaga ta bisa kai, ya saro ƙasa har turɓaya ta tashi. Ina ganin haka na san ɗan manoma ne, ko da wane irin ofis yake zaune.

Dogon ya fara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dube ni," ya buga mai kyau. Ya ce a yi a hankali, a yi ƙasa-ƙasa. Duk gaskiya ya faɗa. Mutumin ya gyaɗa kai, ya sake sara. Sau shida ana haka, gumi ya jiƙa masa riga, ransa ya fara ɓaci.

Da aka zo kan ƙanena, sai ya waiwayo ya ce, "Yaya, tashi."

Na tashi, ya ɗauki buhun ya kai gaban mutumin. Na ga likita ya rufe baki yana dariya. Ƙanena ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa noma?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, an yi ɓatanci. Sai ya ce, "Har na shiga sakandare ina yi. Me ya sa?"

"Don huɗa kake yi, ranka ya daɗe. Ni ma ita na yi wata biyu. Ajiye sandar, jefa wa yayana wannan."

Mutumin ya tuɓe agogonsa ya sa a aljihu, ya kama kunnuwan buhun kamar wanda ya san su. Na farko ya fizga, buhu ya ƙi. Ƙanena ya dafa masa kafaɗa ya ce da nan za a kai shi. Na uku ya tafi sumul, na cafe. Ya jefa sau shida yana haki yana dariya. Da aka mayar masa da sanda, ya ja ta baya a hankali, ya dawo. Ƙwallon bai yi nisa sosai ba, amma ya tashi sama, ya miƙe, ya sauka a tsakiyar fili. Mutumin ya tsaya da baki buɗe, sai ya yi ihu kamar wanda aka yi wa albishir, ya ce a ba shi wani ƙwallon. Tsohon Baturen ya taso, ya ɗaga buhun ya jijjiga, ya tambaya cikin Hausarsa mene ne a ciki. Na ce geron Banga ne, na bana.

Ba su daɗe suna shawara ba. Ƙanena aka ba aikin. Dogon kuma aka ce zai ci gaba da ɗaukar jaka, don ba a sakin mai bugu irin nasa. Shi ya fara zuwa ya miƙa wa ƙanena hannu, ya ce amma gobe a ara masa buhun. Da muka kama hanyar gida, ƙanena yana tura keke, ya ce, "Yaya, ashe dako ma karatu ne." Na ce ya dai kula da rami a gabansa.

Ranar Litinin na biyo jirgi na dawo. Na sayo wa yara rake da lemo, don a Zariya sun fi araha nesa ba kusa ba. Na duba taragon ko zan ga tsohon Zurmi ban gan shi ba. In akwai mai zuwa can a cikinku, ya faɗa masa na leƙa ramin da idona, babu komai a ciki sai ƙwallon da aka jefa.

Abin da na koyo a tafiyar nan, jiki ba ya jin magana, sai an ba shi abin da zai riƙe. Ƙanena ya san gyaran da bakinsa tun kafin in zo, buhu ne ya faɗa wa kafaɗarsa. Na kuma gane abin da malam yake nufi da yake cewa ina saran takarda da alƙalami. Wannan rubutun da kuke ji, a hankali na fara kowane baƙi, kuma ban huda ko shafi ɗaya ba.

Da na je Banga na ba Inna labari, ta saurara har ƙarshe, ta yi hamdala. Sa'an nan ta ce, "To, geron fa? Sun ji daɗin kunun?" Na ce ba a buɗe ba, ƙanena ya sa an ƙara masa ɗinki, yana can rataye a ɗakin ajiyar sanduna, manyan mutane na layi suna jifa da shi. Ta riƙe haɓa. Ta tashi ta shiga rumbu, ta auno wata tiya huɗu, ta ɗaure bakin da kanta, ta ce in ba direban jirgi, kuma in rubuta a jiki da hannuna cewa wannan na ci ne.